Dokar hayaƙin mota: ta ECOWAS, ta tarayya ko ta Legas, wacce ke hawa kan tokumbo?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar mota da ta fito. Ana cewa ECOWAS ta sa doka, duk motar da za a shigo da ita sai ta kai Euro 4, wato matakin tsabtar hayaƙi na Turai. Ana kuma cewa NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, na da tata ƙa'idar, ga kuma gwajin hayaƙin da ake yi a LACVIS, cibiyoyin gwajin mota na jihar Legas, kafin a ba mutum takardar lafiyar mota. To wacce ce ke aiki a kan mai mota a nan Legas? Na biyu, tokumbo 'yar Amurka ba a rubuta mata Euro, wasu kuma idan ka ɗaga bonet sai ka ga California a jikin takarda. Tana da wani bambanci da sauran? Na uku don masu manyan motoci ne: kan DAF mai shan AdBlue, ruwan da ake fesawa a salansa don tsabtace hayaƙi, ya fi tsohon Euro 3, ko wahala ce kawai mutum zai saya da kuɗinsa?

Ejan na Tin Can:

Wa alaikumus salam Malam. Duka ukun suna nan, sai dai kowacce da ƙofar da take tsaye.

A watan Fabrairun 2020 ministocin muhalli da na makamashi na ƙasashen ECOWAS 15 suka zauna a Wagadugu suka amince da abu uku. Daga 1 ga Janairun 2021, duk motar da za a shigo da ita yankin, sabuwa ko tsohuwa, ta fetur ko ta gas (dizal), ta kasance aƙalla Euro 4. Man da za a shigo da shi kada sulfa a cikinsa ya wuce ppm 50 (kashi 50 cikin miliyan), matatun cikin gida kuma aka ɗaga musu ƙafa zuwa Janairun 2025. Sai iyakar shekaru: 5 ga ƙananan motoci, 10 ga manya, aka ba ƙasashe shekara 10 su kai wannan matakin. A watan Satumban shekarar majalisar ministocin ƙungiyar ta mayar da shi umarni.

Inda mutane ke ruɗewa ke nan. Umarnin ECOWAS gwamnatoci yake ɗaurewa, ba direba ba. Sai kowace ƙasa ta shigar da shi cikin dokarta, ta ba wata hukuma aikin dubawa, sannan ya iso kanka. Shi ya sa har yau ƙasashen ba su zama ɗaya ba. Kodebuwa ta sa iyakar shekara 5 ga ƙananan motoci tun 2018, kafin ma taron Wagadugu. Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

A Najeriya dokar tarayya ta hayaƙin injinan fetur da na gas ta NESREA ce, ta shekarar 2011, kuma ma'aunin da aka ɗora motocin shigowa a kai Euro 3 ne, wato mataki ɗaya ƙasa da na ECOWAS. A bakin tasha kuwa, ko Tin Can ko PTML, abin da ke yanke hukunci shekarar mota ce da lambar shasi, wato VIN, domin tun 2022 kwastan da lambar VIN take ƙiyasta kuɗin fito. Jerin kayan da aka hana shigowa da su ya sa iyakar shekara 12 daga shekarar ƙira, a da 15 ce. Duk wanda ya zaga kasuwar Berger ya san iyakar ba ta hana tsofaffi shigowa ba, amma kada ka ɗora jarinka a kan haka. Ka tuna kuma tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa.

Idan mota ta fito daga tasha ta hau titi, sai ta koma hannun jiha. Tun Janairun 2022 a Legas ba a ba da takardar lafiyar mota sai an kai motar cibiyar gwaji: ka biya, a ba ka takardar wucin gadi, ka kai ta a duba burki, fitilu, ƙafafu, ƙarƙashi da hayaƙi. Wannan ce za ta tare ka kowace shekara. Jami'an FRSC ma suna da hurumin tsayar da motar da ke turnuƙe titi da hayaƙi.

Shekarar mota 'yar Amurka tana a harafi na 10 na lambar VIN. Daga 2001 zuwa 2009 lamba ce, 1 zuwa 9. 2010 ita ce A, 2011 B, 2012 C, 2013 D, 2014 E, 2015 F. Ka duba da idonka kafin ka yarda da bakin dillali.

Injiniya Idi-Araba:

Bayanin Ejan daidai ne. Zan ƙara wani abu, don tushen ruɗanin a nan yake: Euro 4 da gwajin LACVIS ba abu ɗaya suke aunawa ba, ko ma'auninsu ba iri ɗaya ba ne.

Euro shaida ce da kamfani ke samu kan samfurin mota kafin ya fara sayarwa. A ɗora motar a kan na'ura mai juya tayu a ɗakin gwaji, a tuƙa ta bisa wani tsararren jadawali daga inji mai sanyi, a tara hayaƙin duka a auna giram nawa ta fitar a kowace kilomita. Euro 3 ta fara a 2000, Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2009, Euro 6 a 2014. Ga motar fetur, Euro 3 ta yarda da CO (iska mai guba) giram 2.3, HC (man da bai ƙone ba) 0.20, NOx (iskar da zafin ƙonawa ke haifarwa) 0.15. Euro 4 ta sauke su zuwa 1.0 da 0.10 da 0.08. Ga ƙaramar motar gas, NOx ya sauka daga 0.50 a Euro 3 zuwa 0.25 a Euro 4, 0.18 a Euro 5, 0.08 a Euro 6. Ƙurar baƙin hayaƙi kuwa daga 0.05 zuwa 0.025, sannan 0.005 a Euro 5, kuma wannan faɗuwar ce ta tilasta sa matatar DPF mai tare ƙurar a salansa.

Gwajin cibiya shi ne a zura bututu a salansa, mota na tsaye, a karanta kashi nawa cikin ɗari na hayaƙin CO ne, HC kuma ppm nawa. Ba zai gaya maka Euro nawa ce motar ba. Abin da yake nunawa shi ne ko injin na ƙona mai yadda ya kamata yau. Mota 'yar 2014 da aka sace wa katalis, tukunyar da ke tsabtace hayaƙi a salansa, tana nan Euro 5 a takarda, a salansa kuwa ta koma ta shekarun 1980.

Amurka ba ta bin Euro, kuma cikinta ma ma'auni biyu ne. Kalifoniya ta riga gwamnatin tarayya fara yaƙi da hayaƙi saboda hazon da ke rufe Los Angeles, ta kafa hukumarta CARB a 1967, kafin a kafa EPA, hukumar muhalli ta tarayya, a 1970. Saboda haka dokar tsabtar iska ta ƙasar ta ba ta dama ta nemi izinin sa ƙa'idar da ta fi ta tarayya tsanani, daga 1977 kuma aka yarda wasu jihohi su ɗauki tata. New York, New Jersey, Massachusetts, Maryland da Pennsylvania duk sun ɗauka, kuma daga tasoshin wannan gaɓar tokumbo da yawa ke tasowa, shi ya sa kake yawan ganin sunan ko da motar ba ta taɓa zuwa Kalifoniya ba. Rigimar ba ta mutu ba: a Yunin 2025 Trump ya sa hannu kan ƙudurorin majalisa da suka soke izinin wasu sababbin ƙa'idojin jihar. Wannan bai taɓa motocin da ke zuwa mana ba, an riga an ƙera su.

Na tarayya ana kiransu Tier 1 daga 1994, Tier 2 daga 2004, Tier 3 daga 2017. Na Kalifoniya su ne LEV, ULEV, SULEV da PZEV. Idan kana son kwatantawa, Tier 2 Bin 5, wanda shi ne matsakaicin matakin, NOx giram 0.07 ne a mil ɗaya, wato kusan 0.044 a kilomita, ƙasa da 0.08 na Euro 4. SULEV 0.02 ne a mil. Jadawalin tuƙin ba iri ɗaya ba ne, don haka lissafin kusanci ne kawai, amma ya isa a ce motar fetur 'yar Amurka daga wajen 2007 zuwa sama ba ta gaza abin da ECOWAS ke nema ba a ranar da ta fita daga kamfani. Tier 1 kuwa 0.4 ne a mil, tsakanin Euro 2 da Euro 3. Wani bambancin shi ne Tier 2 iyaka ɗaya ta sa wa fetur da gas, alhali Turai ta sassauta wa gas. Wannan tsananin ne Volkswagen ta zagaye da manhaja har asirin ya tonu a Satumban 2015.

Don sanin naka, ɗaga bonet ka nemi takardar da aka rubuta Vehicle Emission Control Information. Za ta ce motar ta cika ƙa'idar EPA, ko ta California, ko duka biyun. Harafin farko na VIN ba zai taimake ka a nan ba, domin inda aka haɗa motar yake nunawa, ba kasuwar da aka ƙera ta dominta ba: J Japan, W Jamus, 2 Kanada, 1 da 4 da 5 Amurka. Ga 'yar Turai, takardar rajistarta ta asali tana da gurbi mai lamba V.9, a nan ake rubuta matakin Euro.

Mai Gareji Ladipo:

Injiniya ya gama da takarda, bari in shiga ƙarƙashin mota, don a wurin sayen kaya ne bambancin Kalifoniya ke cin kuɗin mutane.

Camry mai silinda huɗu ta 1997 zuwa 2001, wadda ake kira fensir da wadda ta biyo ta. 'Yar Kalifoniya sensar gabanta ta A/F ce, mai auna rabon iska da mai, yawancin na tarayya kuwa sensar oksijin ce ta gama-gari. Zarensu ɗaya, duka za su ɗauru a rami guda, amma aikinsu daban. Ta oksijin tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Ta A/F tana zaune wajen 3.3 a sikanar Toyota, wasu ƙananan sikana su nuna 0.66. Idan babu takardar bonet, sa mita a wayoyin hita guda biyu masu launi ɗaya: ta oksijin za ta ba ka om 11 zuwa 16, ta A/F ba ta kai 4 ba. Ka sa wadda ba ita ba, ka yanke soket ka haɗa waya, sakamakon shi ne fitilar cek, shan mai, da baƙin fulogi. A Camry masul mai injin 2.4, 'yar PZEV manifol ɗin shan iskarta daban ne, akwai ƙarin bawul a ciki da motarsa, har ƙarfinta doki 155 ne maimakon 158. Idan za a canza inji, a mayar da manifol da waya da sensocin motar na asali a kan sabon, ko a nemi inji da ƙwaƙwalwa da waya duk na gida ɗaya. Haɗa-haɗa ne ke kawo fitilar da ba ta mutuwa. Kowane kaya na hayaƙi a saye shi da lambar VIN ko lambar jikin tsohon, ba da "na Camry 2008" kawai ba.

Yanzu gwaji. Motar fetur mai lafiya, mai katalis, da ta yi zafi, a sulo CO ɗinta bai kamata ya wuce kashi 0.5 ba, yawanci ma kusa da sifili yake. HC ƙasa da ppm 100, CO2 tsakanin kashi 13 da 15, iskar oksijin ƙasa da kashi 1. A Ingila iyakar irin wannan motar CO kashi 0.3 ne a sulo, a juyi 2,500 zuwa 3,000 kuma CO 0.2, HC 200, lamda, wato daidaiton iska da mai, tsakanin 0.97 da 1.03. Na kawo wannan ne don ka ga inda lafiyayyar mota ke tsayawa.

Takardar sakamako tana faɗa maka ciwon idan ka iya karanta ta. CO ya hau, mai ya fi iska yawa: matatar iska ta toshe, nozul na ɗiga, sensar gaba ta mutu, ko inji ba ya kai zafinsa. HC ya hau CO na ƙasa, man ne ke fita bai ƙone ba: fulogi, koyil, iska na shiga ta tsagaggen tiyo, ko kwamfireshan ya faɗi. Oksijin ya hau CO2 ya sauka, salansa ta huje, mai walda za ka nema ba mai sikana ba.

Wanda ya fi kowanne yawa a garin nan shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye. Ana yi da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Tamostat ɗin Toyota a digiri 82 yake buɗewa, kuma injin an tsara shi ya yi aiki wajen 85 zuwa 95. Idan aka cire, ruwa ya tsaya a 60 ko 70, ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. Mai ya ƙare da wuri, baƙin mai ya tsinke da fetur, katalis ya sha wahala, lambar matsala P0128 ta fito a sikana. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa da fanka, a bar tamostat a wurinsa.

Kafin ranar gwaji a sa sikana. A duba zafin ruwa, a duba gyaran mai na gajere da na dogon zango, jimillarsu kada ta wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Ta haura sama tare da P0171, nemi inda iska ke shiga ko ka wanke sensar MAF mai auna iskar shiga da maganinta, ba da fetur ba. A canza matatar iska da fulogi in sun gaji, a juye baƙin mai in ya daɗe. Ranar kuma a tuƙa motar minti 20 a buɗaɗɗen titi, domin katalis ba ya fara aiki sai ya kai digiri 250 zuwa 300. In layi ya yi tsawo kada a kashe ta dab da shiga. Goge fitilar cek a bakin ƙofa ba ya canza abin da ke fita ta salansa.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri. Oga Mai Gareji, to motar da aka riga aka cire wa indomi, wato katalis, fa? Ana cewa ma cirewar na ƙara mata gudu, kuma tana wuce gwaji.

Mai Gareji Ladipo:

Tana iya wucewa, ya danganta da iyakar da aka sa wa shekararta. Lafiyayyen injin nozul ba tare da katalis ba yakan ba da CO wajen kashi 0.5 zuwa 1.5 a sulo, HC 100 zuwa 300. A ma'aunin tsofaffin motocin kafireto, inda iyaka ke kai kashi 3.5 ko 4.5, ya wuce. A ma'aunin mota mai katalis, ya faɗi.

Maganar gudu kuwa, wanda ya ji mota ta saki bayan cirewa, katalis ɗinsa dama ya toshe ne. Lafiyayye ba ya riƙe mota. Gane toshewa ba wuya: kwance sensar gaba, ɗaura gejin matsi a raminta. A sulo kada ya wuce psi 1.5, a juyi 2,500 kada ya wuce 3. Gane wanda ya mutu bai toshe ba, dubi sensar baya a sikana a juyi 2,500: ta zauna wajen bolt 0.6 zuwa 0.8, yana aiki. Tana lilo sama da ƙasa, ya mutu ko babu shi, kuma P0420 ko P0430 na tafe.

Abin da ke cikinsa platinum ne da palladium da rhodium, shi ya sa ake sacewa, wani lokacin tun mota ba ta bar hannun masu kaiwa da kawowa ba. Mai sayen tokumbo ya sa a ɗaga ta ya duba sabuwar walda a jikin tukunyar, ya ƙwanƙwasa ya ji ko fanko ce, ya duba ko an sa wa sensar baya ɗan ƙarfen da ke janye ta daga hayaƙi. Wannan ƙarfen fitila kawai yake kashewa.

Kuma kada a sa sabo sai an kashe abin da ya kashe tsohon. Fitilar cek mai ƙiftawa na nufin silinda na fashin wuta, ɗanyen mai na ƙonewa a cikin katalis, yana iya narkar da shi a tafiya ɗaya. Injin da ke shan baƙin mai yana shafe shi da toka, kuma 2AZ na 2007 zuwa 2009 an san shi da wannan ta wajen ring. Ruwan lagireto da ke shiga ta gasket ma haka.

Injiniya Idi-Araba:

Ban ƙi ba, Oga, amma kada a tsaya kan "tana iya wucewa". Gwajin sulo ba ya kama NOx, domin sai inji na jan kaya yake fitar da shi da yawa. Katalis mai lafiya na rage CO da HC da NOx da kusan kashi 90. Motar da aka cire wa, takarda a hannu, tana zuba wannan duka a gosulon Oshodi, kuma na farkon shaƙa su ne direban da ke bayanta, masu talla, da shi kansa mai motar in salansa na yoyo ta ƙasa. CO ba shi da wari.

Alhaji Mai Tirela, Ijora:

Tambaya ta uku tamu ce. Manyan motoci ba a auna su da kilomita, injin ake aunawa, giram a kowane kilowat na awa ɗaya. Euro III NOx 5.0, ƙura 0.10. Euro IV 3.5 da 0.02. Euro V 2.0. Euro VI 0.4 da 0.01. A gidan DAF, XF95 Euro III ce, XF105 ita ce mai AdBlue ta Euro IV da V, XF106 Euro VI.

Ra'ayina, XF105 ba abin tsoro ba ce. SCR, tsarin da ke aiki da AdBlue, kaɗai gare ta, babu EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji, babu DPF, wato abubuwa biyun da mummunan gas ya fi kashewa ba ta da su. MAN da Scania na zamanin Euro IV da yawansu hanyar EGR suka bi, ba sa shan AdBlue, amma sun fi jin sulfa, domin hayaƙin da ake mayarwa cikin inji yana haɗuwa da danshi ya zama asid ya ci kula da bawul. Euro VI ta haɗa duka ukun. Ita sai mai tabbacin inda yake shan gas, mai kuma bakaniken da ke da kwamfutarta.

AdBlue yuriya ce kashi 32.5 cikin tataccen ruwa. Ba takin gona ba ne da za a jiƙa a ruwan rijiya, wannan zai toshe famfo da nozul ya kashe katalis ɗin. A nemi jarka mai ISO 22241 a jiki. Tana shan kusan kashi 4 zuwa 6 na gas ɗin da ta ƙona: in tafiyar Legas zuwa Kano ta ci lita 400, ka ware lita 20. Zafi ne maƙiyinsa. A digiri 25 yana kai wata 18, a 30 shekara ɗaya, a 35 wata 6, don haka jarkar da ta kwana biyu a rana a bakin titi ba abin saye ba ce. Akwai ɗan gilashin awo da ake ɗiga masa, ya nuna tsakanin 31.8 da 33.2. Farin gishirin da ke taruwa a bakin nozul ruwan ɗumi ke wanke shi, ba a ƙwaƙule shi da waya. Mazurari da jarkarsa daban, kada su taɓa gas ko baƙin mai. In yaron mota ya yi kuskure ya zuba shi a tankin gas, kada a ko murɗa makulli, a sauke tankin.

Tanki ya ƙare ko sensar NOx ta mutu, Euro V za ta rage ƙarfi da kashi 40, ka ji ta a hawan tudu da kaya. Euro VI ta fara rage kashi 25, in aka yi biris ta koma kilomita 20 a awa. Shi ya sa ake sa ɗan akwatin da ke yaudarar ƙwaƙwalwa. Mai sa shi ya sani cewa injin SCR an saita shi ya ƙona gas da zafi sosai don tsimi, ya bar wa AdBlue sharar NOx, to in an kashe shi motar ba Euro V ba ce kuma.

Gwajin motar gas na duhun hayaƙi ne: a taka totur har ƙasa, na'ura ta auna yadda hayaƙin ke tare haske. A Turai iyakar 2.5 ce ga inji marar turbo, 3.0 ga mai turbo, 1.5 ga na baya-bayan nan, 0.7 ga Euro 6. Baƙin hayaƙi ya fi zuwa daga matatar iska, tiyon intakula da ya fashe, nozul da ya gaji, ko famfon da aka buɗe don ƙarin ƙarfi. A duba belt da baƙin mai kafin gwajin, don injin zai kai ƙarshen juyinsa ba kaya.

Hajiya ta Depo, Apapa:

Sannunku da ƙoƙari. A ƙara da maganar mai, don kowane mataki na Euro da man da aka yi shi dominsa. Euro 3 gas mai sulfa ppm 350, fetur 150. Euro 4 ppm 50. Euro 5 da 6 ppm 10. Amurka ta koma gas na ppm 15 tun 2006. Shi ya sa ECOWAS ta haɗa Euro 4 da ppm 50 a zama ɗaya, ɗaya ba ya tafiya sai da ɗayan.

Najeriya ta daɗe da iyakar ppm 3,000 a gas. Bayan rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan a 2016 kan ƙazamin man da ake turo wa Afirka ta Yamma, aka sanar da sabon ma'auni a 2017, gas 50, fetur 150, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Dokar man fetur ta PIA ta 2021 ta ɗora ƙasar kan ppm 50, hukumar NMDPRA ce mai sa ido. Matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da gas a farkon 2024, fetur a Satumban shekarar. Dalma kuwa an daina sa ta a fetur a yankinmu tun 2006, ba ita ce matsalar katalis a yau ba.

Ko ma'auni ya gyaru a depo, abin da ke shiga tankinka ya danganta da hannun da ya bi. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir santsinsa ya ragu, kuma famfon kwaman-rel da ke aiki a matsin bar 1,600 zuwa sama da wannan santsin yake rayuwa. Ga mai ƙaramar motar gas 'yar Turai ta 2010 zuwa sama, DPF na buƙatar zafin kusan digiri 600 kafin ya ƙone ƙurar baƙin hayaƙin da ya tara, abin da ba ya samuwa tsakanin Mile 2 da Apapa. A ba ta minti 20 zuwa 30 a babban titi, juyi sama da 2,000, aƙalla mako-mako, kuma in fitilar DPF ta kama a yi hakan a ranar, kafin P2463 ta fito a koma ga sikana. Baƙin mai sai mai ƙarancin toka, ACEA C3 ko abin da littafin motar ya ce, manya kuma E6 ko CK-4. In ma'aunin baƙin mai na hawa da kansa, gas ne ke gangarawa saboda ƙonawar da ake katsewa, a juye shi ba tare da jiran kilomita ta cika ba.

Ejan na Tin Can:

Ƙari kaɗan ga mai yin oda daga waje. Kafin a biya, a sa mai sayarwa ya turo hoton takardar bonet, hoton ƙarƙashin mota inda tukunyar katalis take, da hoton dashbod inji na aiki. 'Yar Turai a haɗa da hoton takardar rajista. Ranar da mota ta fito daga tasha a ɗaga ta a gwada da hotunan kafin a sallami kowa.